Bakteriyar hanji da cututtukan gado na sarrafa abinci: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da iyaye da matasa suke yawan yi a unguwannin Zangon Kumasi, daga Aboabo zuwa Asawase, musamman tun da masu tallan magani suka fara cewa kusan kowace cuta daga hanji take tasowa. A cikin maganar tasu akwai gaskiya, akwai kuma ƙari mai yawa, kuma ƙarin ne yake iya jawo wa iyali asarar yaro. Bayanin da ke ƙasa ba ya maye gurbin ganin likita.

Shin da gaske ne akwai ƙwayoyi masu rai a cikin hanjin lafiyayyen mutum?

Gaskiya ne, kuma yawansu ya wuce abin da hankali zai ɗauka da farko. Wani lissafi da masana na cibiyar Weizmann ta Isra'ila suka fitar a shekarar 2016 ya nuna cewa baligi matsakaici yana ɗauke da bakteriya kimanin tiriliyan 38, alhali ƙwayoyin jikinsa na kansa kimanin tiriliyan 30 ne. Duk da wannan yawa, nauyinsu gaba ɗaya bai fi giram 200 ba, kuma mafi yawansu suna zaune ne a babban hanji, wato zangon ƙarshe da abinci yake yada kafin ya zama bayan gida.

Harshenmu ya ɗan yi mana cikas a nan, domin mun saba kiran duk wani abu irin wannan da suna ƙwayar cuta, sai mai sauraro ya ɗauka cewa abin da ya kamata shi ne a kashe su a huta. Shi ya sa a wannan bayani za mu riƙa cewa bakteriya kawai, mu bar kalmar cuta ga waɗanda suke cutarwa, irin masu kawo taifot da kwalara.

Wane aiki suke yi wa jiki?

Babban aikinsu shi ne cin abin da mu muka kasa narkarwa. Idan mutum ya ci tuwon dawa da miyar kuka, ko wake da shinkafa, ƙaramin hanji yana tsotse sitaci da mai da furotin, amma harzar da ke cikin dusar hatsi da ɓawon wake da ganyaye tana wucewa yadda take, saboda jikin ɗan Adam ba shi da abin da zai farfasa ta. Idan ta isa babban hanji, bakteriya suna tsima ta kamar yadda gasarar koko take tsami idan ta kwana, su fitar da wasu sinadarai guda uku masu muhimmanci: asitet, da furofiyonet, da butiret. Butiret shi ne abincin da bangon babban hanji ya fi dogara a kansa. Furofiyonet yana bin jini zuwa hanta. Asitet kuma yana zagaya jiki. A riƙe sunan furofiyonet, domin za mu sake haɗuwa da shi a wurin da ya zama matsala.

Ban da wannan, suna haɗa bitamin K da wasu daga cikin dangin bitamin B, suna sauya ruwan matsarmama, suna kuma taɓa wasu magunguna kafin su shiga jini. An san wata bakteriya mai suna Eggerthella lenta tana rage ƙarfin digozin, maganin zuciya, a cikin wasu mutane. Hatta ruwan ɗorawar da ke cikin fitsari da hannunsu a ciki: a farkon shekarar 2024 masu bincike a Amurka suka gano sinadarin da bakteriyar hanji take amfani da shi wajen sauya bilirubin, wato abin da yake sa idon mai shawara ya yi rawaya, zuwa abin da yake ba fitsari launinsa.

Abincinmu na gida yana da wani tasiri a kansu?

Yana da shi ƙwarai, kuma ɗaya daga cikin sanannun binciken da aka yi a kan wannan batu a maƙwabtanmu aka yi shi. A shekarar 2010 wasu masana daga Italiya suka kwatanta bayan gidan yaran ƙauyen Boulpon a Burkina Faso da na yaran birnin Fulorens. Yaran ƙauyen, waɗanda abincinsu gero ne da dawa da wake da ganye, an same su da bakteriya irin su Prevotella masu ƙwarewa wajen cin harza, kuma sinadaran nan uku sun fi yawa a hanjinsu. Wannan shi ne irin abincin da kakanninmu suka zo da shi Kumasi ta hanyar fataucin goro, wanda yanzu burodi da taliyar leda da lemon kwalba suke ture shi daga kwanon yara.

Akwai wani ruɗani da ya kamata a warware. Mai kokon da take jiƙa gero, ta kai inji a niƙa da citta da kanumfari da barkono, ta tace, ta bar shi ya kwana ya yi tsami, lalle bakteriya ce ta yi mata aikin tsamin. Amma da asuba, lokacin da ta kwara masa tafasasshen ruwa ta dama, yawancinsu sun mutu. Haka abin yake ga dokunu da daddawar da ta dahu a miya. Amfaninsu yana nan, sai dai ba ta hanyar shigar da bakteriya masu rai ba. Nono da burkina, wato haɗin nono da gero, su ne suke iya zuwa da masu rai, kuma a nan ne tsabta take zama sharaɗi, domin madarar da ba a tafasa ba kafin a tsamar da ita tana iya zuwa da masu cutar ma a cikin ƙwarya ɗaya.

Mene ne ake nufi da cutar gado ta sarrafa abinci?

Jiki yana sarrafa abinci ne mataki-mataki, kuma kowane mataki yana da ma'aikacinsa, wanda masana suke kira inzayim. A ɗauki misalin gidan da ake aikin gero: wata tana surfe, wata tana bakace, wata tana niƙa, wata tana tankaɗe. Idan mai niƙa ba ta zo ba, surfaffen gero zai yi ta taruwa har ya cika tsakar gida, mai tankaɗe kuma ta zauna hannu rabbana. Haka cutar take: yaro yana zuwa duniya da ƙwayar gadon da ba ta iya ƙera inzayim guda ɗaya yadda ya kamata, sai abin da ke gaban matakin ya taru ya zama guba, abin da ke bayansa kuma ya yi ƙaranci.

Likitan Ingila Archibald Garrod ne ya fara fayyace wannan a shekarar 1902, lokacin da ya nazarci mutanen da fitsarinsu yake yin baƙi idan ya sha iska, ya kuma lura cewa da yawa daga cikinsu 'ya'yan auren dangi ne. A yau an san ɗaruruwan irin waɗannan cututtuka. Kowace ɗaya ba ta da yawa, amma idan aka haɗa su ba abin rainawa ba ne.

Yawancinsu ba sa bayyana sai yaro ya karɓi gurɓatacciyar ƙwayar daga uwa da uba duka. Iyayen kansu lafiyarsu ƙalau, ba su san suna ɗauke da komai ba, kuma a kowane ciki akwai yiwuwar kashi 1 cikin 4 yaron ya zo da cutar. Wanda ya san lissafin sikila ya riga ya san wannan lissafi. Auren zumunci, wanda muke da shi da yawa a Zango, yana ƙara yiwuwar haɗuwar masu ɗauke da ƙwaya iri ɗaya, amma ba shi ne yake ƙirƙirar ta ba, kuma bare da bare ma suna haifar irin wannan yaro. Saboda haka dangin mijin da suke ɗora wa matar laifi, suna cewa nononta ne ba shi da kyau ko cikinta ne yake kashe 'ya'ya, sun zalunce ta, domin rabin gadon daga ɗansu ya fito.

To, su ma bakteriyar ana gadonsu ne?

Ba ta hanyar jini ba. Jariri yana samun na farkonsu daga mahaifiyarsa lokacin haihuwa da shayarwa, sannan daga hannuwan masu ɗaukarsa da ƙasar da yake rarrafe a kai, har zuwa wajen shekara 3 lokacin da hanjinsa yake fara kama da na manya. Nonon uwa ma yana ɗauke da wasu nau'o'in sukari da jariri ba ya narkarwa, waɗanda abincin bakteriya mai suna Bifidobacterium ne. Bambancin da za a riƙe shi ne, bakteriya suna sauyawa da abinci da magani, amma ƙwayar gado tana nan yadda aka haifi mutum da ita.

Idan matsalar a ƙwayar gado take, ina ruwan bakteriyar hanji a ciki?

Ruwansu shi ne, duk abin da suka fitar jini ne yake kwasa ya kai wa hanta, kuma hantar da take da ma'aikaci ɗaya a kwance ba ta bambance kayan da suka zo daga kwano da waɗanda suka zo daga hanji.

Misali mafi bayyana shi ne cututtuka biyu 'yan uwan juna da ake kira furofiyonik asidemiya da metilmalonik asidemiya. Yaron da ke da ɗayansu ba ya iya sarrafa furofiyonet. Mafi yawan furofiyonet ɗin yana fitowa ne daga furotin da wasu nau'o'in mai, shi ya sa ake auna wa yaron nama da ƙwai da wake da ma'auni. Amma kimanin kashi 1 cikin 4 bakteriyar hanjinsa ce take haɗa shi. Wato abin da yake alheri ga ɗan maƙwabci, shi ne yake ƙara wa wannan yaro nauyi. Saboda haka likitocin da suka ƙware a wannan fanni sukan ba irin waɗannan yara maganin metronidazol na wasu kwanaki a wata, su dakata, su sake, domin a rage masu haɗa furofiyonet ɗin, kuma suna matsa wa iyaye kada su bari cikin yaron ya ɗaure, tunda jimawar bayan gida a hanji ƙarin lokaci ne ga bakteriya.

Misali na biyu shi ne amoniya. Idan jiki ya sarrafa furotin yana fitar da amoniya, hanta ta mayar da ita yuriya, ƙoda ta zubar a fitsari. Wani kaso na yuriyar yana komawa hanji, inda wasu bakteriya suke sake farfasa ta ta koma amoniya. Lafiyayyar hanta ba ta damu da wannan kai-komo ba. Amma ga wanda aka haifa da naƙasa a wannan layi, ko babban da hantarsa ta lalace, amoniyar tana hawa ƙwaƙwalwa ta kawo magagi da ruɗewa har da suma. A cutar hanta ta manya, maganin laktulos da ake bayarwa aikinsa a hanji yake: yana tsamar da abin da ke ciki ya kuma gaggauta fitarsa.

A duk misalan biyu, taɓa bakteriya rage kaya ne kawai. Inzayim ɗin da babu shi, har yanzu babu shi.

Akwai wata yarinya a gidanmu da jikinta yake warin kifi ko ta yi wanka sau uku. Wasu sun ce sammu ne. Yana da alaƙa da wannan?

Yana iya kasancewa, kuma idan haka ne, wannan ita ce cutar da aikin bakteriya ya fi fitowa fili a cikinta. Ƙwai da hanta da ƙoda da wake da kifin teku suna ɗauke da sinadaran da bakteriyar hanji take mayarwa wani abu mai suna tirimetilamin, wanda shi ne ainihin warin ruɓaɓɓen kifi. Wannan yana faruwa a cikin kowa. Hantar yawancin mutane tana da inzayim mai suna FMO3 da yake kashe warin nan take. Wanda ya gaji raunin wannan inzayim, sai warin ya fita ta gumi da numfashi da fitsari. An fara bayyana cutar a rubuce a shekarar 1970. Ba ta taɓa hankali, ba ta rage tsawon rai, amma tana iya hana yarinya zaman makaranta da shiga sahun salla da samun miji, kuma sau da yawa warin yana ƙaruwa lokacin balaga da lokacin al'ada.

Abin da ya dace shi ne a kai ta asibiti, domin akwai wasu dalilan wari da suka fi wannan yawa, kamar ciwon sanyin mata da ciwon haƙori, waɗanda ake warkarwa cikin sauƙi. Idan ta tabbata cutar gadon ce, ana rage ta da zaɓen abinci a ƙarƙashin kulawar masanin abinci. Kada a hana ta ƙwai da wake da ka, musamman idan tana da ciki ko tana shayarwa, domin sinadarin kolin da ke cikinsu jiki yana buƙatarsa. Turare da hayaƙi da rubutun sha ba za su kai ga hanta ba, gori kuma ba abin da zai ƙara mata sai ƙunci.

Idan na sha madara cikina yana kumbura yana ƙugi. Ita ce cutar da ake hana jarirai nono saboda ita?

A'a, abubuwa biyu ne mabambanta. Yawancin manya a Afirka ta Yamma inzayim ɗin da yake narkar da sukarin madara yana raguwa a jikinsu bayan yaye, sai sukarin ya isa babban hanji, bakteriya su yi biki a kansa, iska da zawo su biyo baya. Fulani da yawa sun gaji riƙe wannan inzayim har tsufa, abin da ya dace da tarihinsu na kiwo. Wannan ba cuta ba ce mai haɗari, kuma mutane da yawa da madara take damu suna shan nono mai tsami ko su ci wagashi lafiya.

Galaktosemiya kuwa cutar jarirai ce mai kisa idan ba a gano ta ba: jariri ya fara shan nono, cikin kwanaki ya kama amai, idonsa ya yi rawaya, hantarsa ta kumbura, kuma irin waɗannan jarirai suna saurin kamuwa da bakteriyar E. coli a jini. Tana cikin wurare ƙalilan da likita zai ce a dakatar da nonon uwa. Likita ne kaɗai zai faɗi haka bayan gwaji, ba kaka ba, ba maƙwabciya ba.

Waɗanne alamomi ne za su sa a garzaya da jariri asibiti?

Abin da ya sa waɗannan cututtuka suke yaudara shi ne, jariri yana zuwa lafiya, tunda mahaifa tana share masa jini muddin yana ciki. An dawo gida, ana ta barka, an sayi rago, ana shirin suna. A kwana na 3 ko na 4 sai uwa ta lura ya rage kama nono; ta sa masa a baki ya tsotsa sau biyu ya saki; barci ya yi masa yawa har ana cewa yaron kirki ne ba ya kuka; sannan amai, numfashi da sauri, jiki ya saki ko ya sanƙare. A wata cutar fitsarinsa da dattin kunnensa suna ƙamshi kamar hulba ko ƙonannen sukari. A wannan lokaci ne ake ɗauko dauri da tofi, a ce a bari a ga gobe, alhali sa'o'i ne suke raba yaron da zai tashi lafiya da wanda ƙwaƙwalwarsa za ta taɓu.

Alamomin nan sun yi kama da na shigar ƙwayar cuta cikin jini, wadda ta fi yawa nesa ba kusa ba, kuma dukansu na gaggawa ne. Abin da iyaye za su taimaka wa likita da shi shi ne tarihi: a faɗa masa idan uwa da uba dangi ne, a kuma faɗa masa idan an taɓa rasa jariri a irin wannan yanayi, ko da abin yana da ciwon faɗa. Asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda mutanen gari suke kira Gee, shi ne inda ƙananan asibitocin yankin suke tura irin waɗannan jarirai.

Kumasi tana da tarihi a gwajin jarirai, domin a nan ne Farfesa Kwaku Ohene-Frempong ya jagoranci fara gwajin sikila ta hanyar ɗigon jinin diddige a shekarar 1995. Sai dai an kafa wannan gwaji ne domin sikila, don haka uwar da aka ce mata sakamakon ɗanta ya yi kyau kada ta ɗauka an duba duk cututtukan gado.

Shin tamowa da ƙiba ma suna da alaƙa da bakteriya?

Suna da ita, ko da yake su ba cututtukan inzayim guda ba ne. Sunan kwashiyoko ma, wato wani nau'in tamowa mai tsanani, daga harshen Ga na Akara ya fito, kuma likita Cicely Williams ce ta shigar da shi littattafan likitanci a shekarar 1935. A shekarar 2013 ƙungiyar masanin Amurka Jeffrey Gordon ta nazarci tagwaye a Malawi, inda ɗaya yake da kwashiyoko ɗayan ba shi da ita. Da aka dasa bakteriyar mai ciwon a hanjin ɓeraye aka ba su irin abincin yankin, sai suka rame. Bincike irin wannan a kan ƙiba ya nuna abu mai kama da haka a ɓeraye. Amma ɓera ba mutum ba ne, kuma yaron da ba ya samun isasshen abinci, abinci yake buƙata da farko.

Wankin ciki da shan Flagyl ba za su gyara hanjin ba?

Ba za su gyara ba. Hanji ba kwata ba ce da ake yashewa. Maganin wankin cikin da ake tallatawa da lasifika a kasuwar Kejetia, da bentuwa, wato ɗura ruwan citta da barkono ta dubura, da muka koya wurin maƙwabtanmu Asante, suna iya ƙona bangon hanjin yaro su kuma zubar masa da ruwan jiki, wanda ga mai cutar gado shi ne ainihin abin da yake tayar da rikici. Flagyl kuwa shi ne metronidazol ɗin da aka ambata a sama, kuma kasancewar ƙwararru suna amfani da shi a cuta guda da aka tabbatar ba izini ba ne a saye shi a kantin magani duk lokacin da ciki ya murɗa. Yawan shansa na dogon lokaci yana taɓa jijiyoyin hannu da ƙafa, kuma kowane zagaye na antibayotik yana share masu amfani tare da masu cutarwa.

Ana sayar da ƙwayoyin bakteriya masu amfani a kwalba. Za su warkar da cutar gado?

Babu wanda aka tabbatar yana yin haka. Masana sun gwada abin da ya fi na kwalba nisa: kamfanin Synlogic na Amurka ya sauya halittar wata bakteriya domin ta cinye sinadarin fenilalanin a hanjin masu fenilketonuriya, cutar gadon da take hana jiki sarrafa wannan sinadari, wadda likitan Norwe Asbjørn Følling ya gano a shekarar 1934, amma a watan Fabrairun 2024 kamfanin ya dakatar da babban gwajinsa saboda alamu sun nuna ba zai cimma abin da ake nema ba. Idan wannan bai kai ba tukuna, mai kwalbar da yake karɓar sidi ɗari-ɗari a bakin masallaci ba shi da abin da ya fi shi. Dashen bayan gidan lafiyayye a hanjin majiyyaci kuma, wanda ya yi nasara sosai a kan zawon da bakteriyar Clostridioides difficile take kawowa, aikin asibiti ne mai tsauraran gwaje-gwaje. A shekarar 2019 wani majiyyaci ya rasu a Amurka bayan an dasa masa wanda yake ɗauke da bakteriya mai bijire wa magani.

Mai cutar gado ta sarrafa abinci zai iya yin azumi?

A da yawa daga cikin waɗannan cututtuka zama da yunwa haɗari ne, domin idan abinci ya yanke jiki yana komawa cin naman kansa da kitsensa, sai gubar da ake gudu ta taso daga ciki ba tare da an ci komai ba. Haka zazzaɓin cizon sauro da amai da zawo suke yi, shi ya sa ake ba iyayen irin waɗannan yara takardar gaggawa da za su nuna a asibiti domin a ɗaura wa yaron ruwan sukari ba tare da jira a layi ba. Matashin da ya balaga yana son ya yi azumi kamar tsaransa ya fara zuwa wurin likitansa, sannan ya kai wa malaminsa abin da likitan ya ce, domin aya ta 184 da ta 185 a Suratul Baƙara sun yi wa mara lafiya rangwame, kuma malamai sun yi bayanin ciyarwa ga wanda ciwonsa ba a sa ran rabuwa da shi. Mai warin kifi da mai kumburin ciki saboda madara ba sa cikin wannan rukuni, azuminsu kamar na kowa ne.